Hoton Gidan Baba Tanko

Kwanan baya ƙungiyar masu ƙananan sana'o'i ta unguwarmu a Karu ta gayyace ni in yi jawabi a kan yadda mai shago zai tsara lokacinsa. Wai sun lura ni kaɗai ne a layin nan in na ce ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗun ce, ba huɗu ga watan gobe ba. Aka zaunar da ni a kujera mai hannu, aka ajiye mini ruwan gora har biyu, aka miƙo mini abin magana. Ni kuwa in abin magana ya shiga hannuna, sai dai a kashe janareta. Na ce musu tun ina goye nake da tsari, ko nono ba na karɓa sai lokacinsa ya yi. Na ce musu agogon masallacinmu in ya tsaya, da fitowata ake saita shi. Suka yi dariya, suka tafa, wata mai sayar da turare har tana rubutawa a waya. Na kuma ba su abin da nake yi da gaske: aiki uku nake rubutawa a allo kowace safiya, na huɗu ba ya shiga sai ɗaya ya fita, ba na karɓar aiki sai kayan yinsa suna cikin shago, sannan babu benci a ƙofata. Da na zo kan benci sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, me benci ya yi maka?" Na ce ƙafarsa ce ta karye. Aka sake fashewa da dariya. Gaskiya kuwa benci bai yi mini komai ba. Ni ne na yi wa wani, kuma shi ne abin da ban faɗa musu ba.

Na zo garin nan, babban birnin ƙasa, tun bai gama zama gari ba. Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga tituna masu faɗin filin ƙwallo da fitilun da ke ba mota umarni, ba sa yarda in na ce musu akwai wani katafaren otal da na taɓa gasa doya a daidai inda manya ke ajiye motocinsu. A lokacin ba hon ɗin mota ke tashin mutum ba. Zakara ne, sai turmi, sai can da hantsi a ji fashewar dutse, dum, ƙasa ta girgiza, har muna cewa kajin yankin sun koma yin ƙwai a fashe. Daga nan tifofi su kama zarya, injin kwaɓa siminti ya kama gurnani, lebura na kiran lebura da harsuna goma. A gefen hanya kuma matan Gbagyi, waɗanda mu 'yan arewa muke ce wa Gwari, suna tafe a jere da itace a kafaɗa, ba a ka ba, ko kallon tifofin ba sa yi, kamar wani baƙo ne mai surutu da zai kwana biyu ya wuce.

Ɗaukar bulo na zo yi. Kwanana uku ina kwana ƙarƙashin wata tifa da ta lalace, sai wani dattijo ya gan ni ina wanke fuska da ruwan kwaɓa siminti, ya ce in biyo shi. Shi ne Baba Tanko, manomin doya a wani ƙauye da ke bayan Karmo. Ya ba ni ɗaki kusa da rumbunsa. Matarsa, Mama Kande, ta ware mini kwano nawa na kaina, don ta ji an ce mu ba kowane nama muke ci ba. A gidan nan kowane addini yana da tabarmarsa. Babban ɗansa Danjuma soja ne, yana salla. 'Yarsa Saratu tana waƙa a coci. Shi kuwa Baba ya ce duk ya ji, amma a bar shi ya ci gaba da gaida babansa, wanda kabarinsa ke tsakar gida a gindin ɗorawa. Kowace safiya kafin ya saɓi garma sai ya tsaya a wurin ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar ma'aikaci yana ba oga rahoto. Hausarsa ba ruwanta da wane ne namiji wace ce mace. "Mamanka ya ce ka zo ka ci tuwo," haka yake kirana. Shekara huɗu na yi a ɗakin nan.

Ana cikin haka wani Bayarabe mai hoto ya ce zafin nan ya ishe shi, ya sayar mini da kyamararsa, ya koya mini a mako biyu abin da ya ce shi ya koya a shekara bakwai. Na kama ɗan shagon kwano a Karmo, na kewaye kusurwa ɗaya da baƙin yadi don wanke hoton fasfo. Sai ga sa'a ta faɗo mini a ka: gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta taho. Ba na manta tirelolin nan a jere, ɗauke da kabad-kabad na ƙarfe, da fayiloli ɗaure da igiya kamar damin dawa, da kujerun ofis ƙafafu a sama. A bayansu ma'aikata, fuska a murtuke, kowa na waige-waige yana neman teku. A bayan waɗannan kuma duk wani mai neman aiki a faɗin ƙasar nan, masinja, direba, mai gadi, mai shara. Kuma kowa fasfo yake so. Na sayi kwat guda ɗaya da taye na rataye a ƙusa. Siriri ya saka, mu tattare bayan da allura. Ƙato ya saka, ya riƙe numfashi har in danna. Ina da yaƙinin in aka buɗe fayilolin wancan zamani, rabin ma'aikatan gwamnatin tarayya kwat ɗina ce a jikinsu.

Yanzu yaro ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ɗari kafin shayinsa ya huce, ya goge casa'in da tara bai ji komai ba. A da fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci, ba ƙari. Fasfo baƙi da fari ni nake wankewa. Mai kala kuwa sai fim ya cika, a ba direba ya kai Kaduna, a jira. Sana'a ce da ke son mutum mai tsari, ita kuma ta faɗa hannuna. Aiki ya yi mini yawa, kalmar a'a kuma ba ta taɓa fita bakina ba. Sannan ga benci. Da safe in buɗe shago da niyyar wanke fasfon jiya, kafin in jiƙa takarda ɗaya wani ya zauna ya ce, "Mai Hoto, ba mu labarin ranar da ka ɗauki minista yana atishawa." Ban taɓa ganin minista ba ko a mafarki, amma labarin kashi uku ne. Kafin in kai kashi na biyu an kira azahar. A dawo, a sayo gyaɗa, a shiga gardamar ƙwallo. Wanda na ɗauka ya zo karɓar hotonsa, in dube shi da mamaki kamar shi ne ya yi kuskuren rana, in ce, "Haba, ai gobe na ce maka." Goben nan tawa ta fi ta kowa faɗi. A cikinta na zuba bukukuwan aure da na suna da fasfon rabin Karmo, kuma kullum akwai sauran wuri.

Baba yakan biyo ta shagon ranar kasuwa, ya tsaya daga bakin ƙofa, bai taɓa zama a bencin ba. Wata rana ya saurari kashi na uku na labarin minista har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai aikinka ba ya ruɓewa, shi ya sa kana wasa. Ni in ruwan farko ya sauka ban tashi ba, gona ba zai jira in gama labari ba." Na ce, "Baba, ai hoto ba gona ba ne." Ya ce, "To."

Akwai wata dabara ta masu hoton wancan lokaci da ya kamata in bayyana, ko da yake abokan sana'ata ba za su gode mini ba. Muna kiranta harbin iska. A wurin biki akwai masu tare ka suna cewa ɗauke ni, ɗauke ni, alhali ka san ba za su taɓa zuwa karɓa ba. Ba ka musu. Sai ka ɗaga kyamarar da babu fim a cikinta, ka ce a yi murmushi, filas ya haska, kowa ya tafi da farin ciki. Daga waje ba a gane bambanci. Mai riƙe da kyamara kaɗai ke ji, domin ɗan hannun da ake ja da babban yatsa bayan kowane hoto, in da fim yana da nauyi, in babu sai ya tafi sakayau. Na ƙware a wannan har ina koya wa wasu.

Wata rana na je gaida su Baba, don a lokacin na koma kwana a bayan shago, na tarar an shafa jan fenti a bangon kowane gida, babban gicciye irin wanda malami ke yi wa amsar daƙiƙi. An ce hanya za ta bi ta nan, kowa ya shirya tashi. Ba a faɗi rana ba. Baba ya ja ni gindin ɗorawa ya ce, "Mai Hoto, rumbu zan sake ginawa. Akuya zai bi ni. Amma babana ba zai tashi ba. Ina so ka ɗauke mu duka a nan, da gida, da shi. Mai kala, babba, irin wanda ake ratayewa. Jikoki su gani, su san ba daga sama muka faɗo ba."

Na bugi ƙirji har na yi tari. Na ce, "Baba, hoton da zan yi maka, in an rataye shi kajinka za su riƙa neman hanyar shiga ciki."

"Yaushe?"

"Ko gobe in kana so."

"Ba gobe naka ba," in ji shi. "Asabar ta sama. Danjuma zai samu hutu kwana biyu. Da safe, kafin rana ya yi zafi."

Kusan mako biyu gare ni in sayo fim, kuma kasuwar Wuse ce kawai, ba Makka ba. Na tuna ranar Litinin. Na tuna ranar Laraba. Ranar Alhamis har na saka takalmi ɗaya, sai wani ya zo da labarin direban da ya kai kabad ɗin wata ma'aikata gidan surukinsa, ni kuma ba zan bar labari irin wannan ya tafi ba gyara ba. Na leƙa jaka na ga fim ɗaya mai kala, na ce shi ke nan, wannan na Baba ne, ba mai taɓa shi.

Ranar Asabar ina rufe shago, jaka a kafaɗa, sai ga wata mota sabuwa dal ta tsaya, leda ma ba a cire daga kujerunta ba. Wani oga ne daga cikin mutanen Legas, an ba shi gida, madam ta iso jiya, yana son hotunan da zai aika wa dangi su ga ba daji aka jefa shi ba. Ya ce minti goma kawai. Na dubi rana, na ga da saura, na ce a raina zan ba shi rabin fim in bar wa Baba rabi. Oga ya tsaya gaban mota, ya tsaya bayan mota, ya shiga ya riƙe sitiyari, ya fito ya dafa ta kamar zai yi mata addu'a. Madam ta canza gwaggwaro sau biyar, kowane ya fi na baya tsawo, na ƙarshen sai da na ja da baya har cikin fulawoyi kafin ya shiga. Karensu ma ya samu biyu. Aka kawo shinkafa da kaza, aka tambaye ni labarin garin, na ba su har da wanda bai faru ba. Da na ɗaga kyamara in ɗauki na sallama, sai ɗan hannun ya cije. Fim ya cika. Da na laluba aljihun jaka na ji robar fim guda a ciki, sai na ce Allah ya rufa asiri, ashe akwai wani. Ban buɗe ba. Direban oga ya sauke ni a mahaɗar Karmo ana kiran la'asar.

Tun daga bakin ƙauye na ji ƙamshin nama. An yanka akuya. Mutanen nan tun safe suke cikin kayan ado, an wanke wa yara fuska an shafa musu mai har sun gaji da kuka. Danjuma yana tsaye cikin kakinsa da sitati, karin guga kamar zai yanka mutum. Ya dubi agogo ya dube ni ya ce, "Mai Hoto, a barikinmu wanda ya makara haka, tsallen kwaɗo zai yi daga nan har Kaduna."

Mama Kande ta ce, "Ku bar shi, ɗana ya zo. Ka ci abinci?"

Baba ya tashi kawai ya fara kiran mutane su jeru.

Na zaga bayan rumbu, wai inuwa nake nema in saka fim. Na buɗe robar. Babu komai a ciki sai warin roba. Ina da ɗabi'ar ƙin zubar da su, ina cewa wata rana za su yi amfani. Na tsaya a nan ban san tsawon lokacin ba, ina jin Saratu na dariya, ina jin ana jan kujera. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in fito in ce na yi laifi, a ba ni keke in nemo fim a wurin wani mai hoto kafin rana ta faɗi, ko a sha zagina a sake taruwa da sassafe kafin Danjuma ya tafi. Amma na hango fuskar soja, na hango akuyar da aka yanka, na hango kaina ina zama abin labari a bencin wani. Na rufe kyamarar, na fito ina murmushi.

Ban taɓa yin aiki da kuzari irin na ranar ba. Na durƙusa, na miƙe, na hau turmi. "Saratu, ɗaga haɓa, ba a coci kike ba! Oga soja, saki fuska, ba yaƙi za mu ba!" Kowa na dariya. Na danna, filas ya haska, ɗan hannun ya tafi sakayau. Na sake. Na sake na uku, wai don tabbaci.

Baba ya ce, "Babana ya shiga?"

Na ce, "Ya shiga, Baba. Ya ma fi kowa kyau."

Aka kawo mini cinyar akuya. Na cinye ta tas.

Ina da shiri, kada a ce ba ni da shi. Masu irin halina ba sa rasa shiri. Zan samo fim da asuba, in dawo in ce wasu sun rufe ido, a sake. Ranar Lahadi masu sayar da fim suna coci. Akwai wani mai hoto a ƙarshen layinmu da zai iya ba ni, amma mun yi wata biyu ba ma gaisawa saboda ya ce labarin minista ƙarya ne. Danjuma ya koma bariki da rana. Ranar Litinin na sayo fim, na ce ko ba soja ai gida na nan, kabari na nan, Baba na nan, zan je da yamma. Sai wata ma'aikata ta fara ɗaukar masinjoji, layi ya kai bakin titi, kwat ɗina ta jiƙe da gumin mutum arba'in. Talata haka. Laraba aka yi ruwa. Bayan nan ba ni da ko uzurin da zan tuna, kawai dai kullum in na taɓa aljihu na ji fim ɗin sai in ji kamar na yi rabin aikin. Mako biyu ya yi a aljihun nan.

A benci na ji. Wani ya faɗa a tsakiyar gardama, yana ɓare gyaɗa, cewa katafila ta shiga bayan Karmo tun jiya. Na bar mutum sanye da kwat a kan kujera na fita da gudu. Da na isa ban gane wurin ba. Jar ƙasa ce shimfiɗe, an baje ta sumul, sai sawun ƙafar katafila. Ɗorawa tana kwance can gefe, saiwoyinta a sama. Na yi ta zagaye ina neman inda ɗakina yake, inda rumbu yake, inda Baba ke tsayawa da safe. Kyamara na rataye a wuyana, sabon fim ɗin yana aljihuna. Ban ɗaga ta ba.

Su Baba sun koma wurin danginsa can wajen Yangoji. Bayan wata guda sai ga shi a ƙofar shago, mota biyu ya hau kafin ya iso. Na ce fim yana Kaduna. Ya dawo bayan mako uku, na ce injin wankin ya lalace, an aika Jamus a kawo ƙarfensa. Ya ce Jamus da nisa? Na ce da ɗan nisa. Zuwa na uku ya tarar da benci cike, ina tsakiyar labari. Ya jira na kai aya, sannan ya ce, "Na buga ƙusa a bangon sabon ɗaki. Mamanka yana share wurin kullum."

Ina da ƙarya ta uku a shirye, mai kyau ce ma, da jirgin ruwa a cikinta. Ta ƙi fitowa.

Na ce, "Baba, babu hoto."

"Ya lalace?"

Ga hanyar tsira ya buɗe mini da hannunsa. In na ce e, an gama. Na ce, "Bai lalace ba. Ba a ɗauka ba. Babu fim a ciki ranar."

"Amma wuta ya yi. Sau uku."

"Wutar ce kawai, Baba."

Mutanen benci suka fara tuna suna da wurin zuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, har mai gyaɗar bai tsaya kwashe ɓawonsa ba. Na jira zagi. Na jira mari ma, kuma da na samu da na ji sauƙi. Baba ya ce, "Amma ka sa ido a gilashi. Ka gani. To faɗa mini abin da ka gani."

Ni da ke iya siffanta atishawar ministan da ban taɓa gani ba, na buɗe baki. Na ce, "Kana zaune a tsakiya, Mama tana damanka, cikin shuɗin zane."

"Hagu. Ja."

"Danjuma yana bayanka."

"Danjuma yana ƙarshe, wajen rumbu. Mutum nawa?"

"Za su kai ashirin."

"Goma sha ɗaya." Ya ɗago ya dube ni. "Ashe ba ka ma duba ba."

Na sha maganganu a rayuwata, daga masu aure da na ɓatar wa hoto har zuwa surukata, amma babu wadda ta shige ni kamar wannan, kuma a hankali ya faɗe ta. Gaskiya ce. Ranar idona na cikin gilashi, amma kaina nake kallo.

Ya hango kwalin da nake tara robobin fim a ƙarƙashin tebur, ya ce in miƙo. Ya tsuguna a simintin shago, dattijo mai jikoki, ya fara jera su ɗaya-ɗaya. Kowace roba ya ajiye sai ya faɗi suna, da abin da mutumin ya saka, da yadda ya tsaya. Ya cire hularsa ya ajiye a bayan layin, ya ce wannan babansa ne. Masu fasfo suka zo suka leƙa, suka ga manya biyu a tsugune gaban robobi, suka juya. Sai da ya bi layin sau biyu, ya sa ni na maimaita, inda na yi kuskure ya gyara. Da ya gama ya ɗauki hularsa ya kaɗe.

"Yanzu mu biyu muka sani," in ji shi. "Ni na tsufa. A gida zan ce ruwa ya shiga fim. Ba don kai ba. Don kada su ce na ajiye maƙaryaci shekara huɗu kusa da rumbuna."

Na raka shi tasha, bai yarda na riƙe masa jaka ba. Washegari na kai wa mai shayi bencin kyauta. Sauran gyare-gyaren da ake yaba mini a kansu yanzu a hankali suka zo, kuma ba wanda ya zo don ina da hankali. Baba bai ƙara shekara biyu ba. Na je jana'iza, na ga ƙusar a bango, an rataye mata kalanda.

Ga hoton, daga hagu zuwa dama. Rumbu, da sabon jinka. Danjuma cikin kaki, hannu a baya. Matarsa Hajara, tana riƙe da jaririnsu Musa, wanda ya yi barci. Auta, ƙanin Baba, da rigar da ya aro, hannunta ya wuce yatsunsa. 'Ya'yan Auta biyu, Yohanna da Ladi, zaune a ƙasa a gaba. Baba a kan kujera, hannu bisa gwiwa. Sai rata, da gangan aka bar ta don kabarin ya fito, da gindin ɗorawa a bayansa. Mama Kande cikin jan zane. Saratu cikin farar rigar mawaƙan coci, da mijinta Bitrus. A ƙarshen dama kuma wata tsohuwa a kan tabarma, yayar Baba, wadda aka haifa a gidan, aka ɗauko ta a keke daga wani ƙauye don wannan hoton kawai, ta yini a zaune tun safe.

Ya faɗa mini sunanta sau biyu, na maimaita da bakina. Na ce zan rubuta in na rufe shago. Sai yau na zauna rubutawa, kuma sunan ya tafi. Saratu tana raye, za ta sani. Amma in na tambaye ta, za ta ce me zan yi da shi, kuma a gidansu har yau ruwa ne ya ci hoton. Abin da ya rage mini game da tsohuwar nan shi ne abin da Baba ya ce: duk sau ukun da filas ya haska, ita ta kawar da fuskarta gefe, ta ƙi kallona. Ban ga laifinta ba.